DSLR da Hausa: mai madubi za mu ce?

Ƙanwata ce ta jawo wannan magana. Tana son sayen kyamarar ɗaukar hoton biki da suna, ta turo min saƙo: "Yaya, wai mene ne DSLR ɗin nan da Hausa?" Na buɗe baki zan amsa, sai na ji ba ni da kalma. Masu hoto dai "Di-es-el-ar" suke cewa, wasu kuma "babbar kyamara". To ku zo mu nemo mata suna.

An fara kawo min "kyamarar ƙwararru". Ban karɓa ba. Tun 2003 da Canon ya fitar da EOS 300D a ƙasa da dala 1,000, wannan nau'in ya shiga hannun 'yan koyo. Nikon D3500 da Canon 2000D, duka na 2018, don masu farawa aka ƙera su. Wani kuma ya ce "mai cire baki", tunda ana kwance gilashin gaba a ɗaura wani. Da kyau, amma akwai wasu kyamarorin da ake cire wa baki waɗanda ba DSLR ba ne.

Ni shawarata mu duba cikinta. Ka kwance gilashin ka leƙa: za ka ga ɗan madubi a karkace. Hasken da ya shigo shi yake bugawa, madubin ya tura shi sama zuwa ramin da kake ɗora ido. Abin da gilashin ya gani, shi idonka ke gani, ba ta hanyar allo ba. Da ka danna, madubin ya yi tsalle sama, hasken ya wuce ya sauka a kan farantin da ke kama hoton, sannan madubin ya dawo mazauninsa. Ƙarar "ƙwas" ɗin nan da yara ke kwaikwaya a gidan biki, da duhun da ke gilma maka kamar ƙiftawar ido, duk aikinsa ne. Harafin R na ƙarshen sunan ma wannan juya hasken yake nufi.

Don haka: kyamara mai madubi.

Ribar wannan suna ita ce ya zo da na kishiyarta kyauta. Nau'in da Panasonic ya fara fitarwa a 2008 da Lumix G1, wanda yanzu Sony da Canon da Nikon suka karkata gare shi, sai mu ce marar madubi. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Sai dai wani malami ya taka min birki, kuma ya yi gaskiya. Ya ce a Hausa ai madubi ba na duba fuska kaɗai ba ne, tabarau ma madubin ido muke ce masa. Bahaushe zai ji "mai madubi" ya ɗauka gilashin gaba ake nufi, ya ce ai kowace kyamara tana da shi, har ta waya. Na juya maganar kwana guda. Mafitar da na gani ita ce mu bar wa na gaba sunan da masu sana'a suka riga suka ba shi, gilashi ko lens, inda kuma ake tsoron ruɗani a ce "mai madubin ciki". Harafin D na dijital ban damu da shi ba. Wa ke sayen fim yanzu?

Saura sunan da za mu ba irin wadda aka ƙera don masu farawa. "Ta 'yan koyo" daidai ne, amma mutumin da ya tara kuɗin wata shida ba zai so mai shago ya kira shi ɗan koyo a gaban jama'a ba. Na fi son "ta farin shiga".

Haka na rubuta wa ƙanwata: ki nemi mai madubin ciki ta farin shiga, da gilashinta mai lamba 18-55 a jiki da ake haɗawa da ita. In ta hannu ce, ki sa a duba miki sau nawa aka danna ta, ki haska gilashin da tocila ko ya yi fumfuna. In kuma bidiyo za ki fi yi, ki sani D3500 ba ta da wurin jona makirufo.

Ta amsa da cewa ta gane, amma a shago Di-es-el-ar za ta ce, kada a ƙara mata kuɗi.