Kafin ka ba mutum wayarin ɗin gidanka

Jiya a majalisarmu ta Pantami an sha muhawara kan masu wayarin, ga dai abin da na tsinta. Duk wanda ya ce maka shi injiniya ne to ka tambaye shi lambar rajistarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kar ka ji nauyi wai don ɗan unguwa ne. Amma Baba, tsohon ma'aikacin NEPA, ya ce mai wayarin gida satifiket ɗin NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wayarin lantarki, za ka nema a wajensa, ka gani da idonka ba wai ya ce yana gida ba. In kamfani ne a duba sunansa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ni nawa mai wayarin siririyar waya ya sa min, soket ɗin firij har narkewa ya yi wallahi.