Furannin tumatirina suna zuba kafin su ƙulla 'ya'ya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na dasa tumatiri a buhuna goma a bayan gidana a Kano, ganye ya yi kore shar, amma tun shigowar watan Afrilu furanni suke bushewa suna zuba. Ina ba su ruwa safe da yamma. Mene ne matsalar?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Zafi ne. Idan zafin rana ya haura digiri 35, kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatiri ba ya ƙulla ɗa, shi ya sa manoman Kadawa suke noma shi lokacin hunturu. Ka yi masa rumfar zana mai tare ranar azahar, ka kuma rufe bakin buhunan da busasshiyar ciyawa domin danshi ya daɗe.

Amsa ta biyu: Ina ƙara da cewa ka rage takin yuriya, domin yawansa yana ƙara ganye ya hana 'ya'ya. Ni da kaina na yi wannan kuskuren bara, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan kafa rumfar.