Shawarwarin masu zuwa Svalbard kallon namun daji

Waɗanda suka zaga tsibiran Svalbard na ƙasar Norway bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: a zaɓi ƙaramin jirgin ruwa. Tun Janairun 2025, jirgin da ya haura fasinja 200 ba ya shiga yankunan da aka killace. Kuma idan mutane kaɗan ne, nan da nan ake sauke kowa cikin kwalekwalen roba.

Batun lokaci ne aka yi ta ja-in-ja. Masu son ƙanƙara sun ce Yuni, masu son kewaye Spitsbergen, tsibiri mafi girma a Svalbard, sun ce a jira ƙarshen Yuli, sanda ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Farin beyar kuwa sai an dace. Doka ta hana kusantarsa ƙasa da mita 300, daga Maris zuwa Yuni ma mita 500 ne, don haka madubin hangen nesa ya fi waya amfani.

A riƙe maganin jiri, da safar hannu biyu saboda feshin ruwa. Svalbard ba ta neman biza, amma mai bi ta Oslo zuwa Longyearbyen, babban garin Svalbard, sai da ta Schengen (bizar shiga yawancin ƙasashen Turai, har da Norway) mai shiga biyu.