Ciwon ƙugu ya hana Baba shiga fadama

Assalamu alaikum. Mahaifina manomin shinkafa ne a Argungu. Wata 3 ke nan ƙugunsa ya riƙe, tun ranar da ya ɗaga buhu. Ciwon yana bin cinyar hagu har tafin ƙafa, yatsun suna zogi kamar ana soka allura. Yanzu sallah ma a zaune yake yi, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya sha diclofenac, muka dakatar saboda gyambon ciki. Wanzami ya yi masa ƙaho, shiru. Fitsari da bahaya lafiya, alhamdulillahi.

Don Allah masana, mu fara kai shi hoto Birnin Kebbi ne, ko wajen masu gashin ƙashi? Kuma ya kwanta ne, ko ya riƙa takawa?