Abin da aka tattauna kan gyaran gidan benen nan na Kusseri

Salamu alaikum jama'a, magana ta yi tsawo, ga abin da na tattaro kan gidan da iska ta yaye wa kwano kuma ruwan Logone ya cika ɗakunan ƙasa.

1. Kowa ya yarda a kashe wuta tun daga mita, kar a kunna sai mai gyara ya duba wayoyi.

2. A rufa tamfol a sama tukuna, a ɗau hotunan ɓarnar.

3. Nan aka fi daɗewa. Masu sana'a sun ce kar a yi gaggawar filasta da fenti, bangon da ya sha ruwa sai ya bushe har ciki in ba haka ba fentin zai ɓaɓɓake, kuma a kira injiniya ya duba ginshiƙai don rodi in ya yi tsatsa kumbura yake ya tsaga siminti, wallahi wannan ne ya fi damuna saboda akwai yara a gidan.

4. Kuɗi kuwa an rabu. Wasu sun ce rufi da tushe na kowa ne a raba daidai, wasu suka ce na sama su ɗau kwano na ƙasa su ɗau daɓe. An dai yarda a rubuta ko sefa nawa aka kashe.