Yaron da ba ya zama wuri ɗaya: dole sai an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum iyaye. An kira ni makarantar su Khalifa, wai ba ya zama a aji, kullum sai ya yar da fensir ko littafi, aikin gida kuwa a fara ne ba a gamawa. Shekararsa 8. Ƙanwar maigidana da ke Abuja ta ce ADHD ce, wato matsalar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, kuma wai babu likitan da zai tabbatar sai an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, irin wanda ake zaunar da yaro sa'o'i yana amsa tambayoyi yana danna kwamfuta. Haka ne?

Baban Ummi: Hajiya, wane gwaji kuma? Ƙiriniya ce. Mu da muka tashi a Herwagana wa ya gwada ƙwaƙwalwarmu? Dorina ce ta gyara mu, ga mu mun zama mutane.

Malama Asabe: Alhaji, a yi haƙuri. Mai ƙiriniya na san shi, da ya hango bulala sai ya shiga taitayinsa. Amma akwai wanda za ka aika ofis ya karɓo alli, ka tarar da shi gindin darbejiya yana kallon ƙadangare, ya manta ma an aike shi. Ka dake shi yau, gobe haka. Ni ina bayan gwajin, a daina hasashe.

Dokta: Wa'alaikumus salam. Malama ta yi gaskiya cewa abin akwai shi, binciken duniya yana nuna kusan yara 5 cikin 100. Amma maganar ƙanwar maigida ba daidai ba ce. Ba kwamfuta ke tabbatar da ADHD ba, labarin yaron ne. Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitoci ke bi, ya ce alamun su fara kafin shekara 12, su kai wata 6, a gan su aƙalla wuri biyu, kamar gida da boko ko islamiyya, kuma su riƙa hana shi karatu ko zama da mutane. Shi ya sa ake ba uwa da malami takardar tambayoyi irin ta Vanderbilt ko Conners su cike. Yaro mai ADHD yana iya cin gwajin kwamfuta tsaf, don ɗakin shiru ne, babba ɗaya ya tasa shi gaba, abin kuma sabo ne gare shi. Ku mayar da shi aji mai hayaniya ku gani.

Malama Asabe: To ranka ya daɗe, ke nan cin kuɗin mutane ake yi?

Dokta: A'a. Yana da ranarsa: idan ana zargin matsalar karatu ko lissafi ta haɗu da abin, ko yaro ya taɓa sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ya bugu a kai. A nan gwajin ke nuna inda gizo ke saƙar: riƙe umarni ne ke ba shi wuya, ko tsara aiki, ko danne kansa. Sai dai yawancin irin waɗannan gwaje-gwajen da yaran Amurka da Ingila aka auna ma'auninsu. Ɗauki na Stroop, tun 1935 ake yin sa: a rubuta sunan launin ja da koren tawada, a ce ka faɗi launin tawadar, kar ka karanta. Wanda ya iya karatu bakinsa zai riƙa sarƙewa. Yaron da bai ƙware a karatun Turanci ba kuwa zai wuce sumul, a rubuta masa maki mai kyau. Ko a jero masa lambobi da Turanci a ce ya maimaita daga baya zuwa gaba, ya faɗi, alhali harshen ne ya kayar da shi.

Maman Khalifa: Ikon Allah. To ni ta ina zan fara?

Dokta: Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe. A duba kunne da ido tukuna, don akwai wasu matsaloli da ke zuwa kamar ADHD. Yana minshari da dare? Ƙarfe nawa yake ajiye waya ya yi barci? Yana ƙura ido na 'yan daƙiƙu, a kira shi bai ji ba? Akwai farfaɗiya mai zuwa a haka, ba faɗuwa ba kumfa. Ƙarancin jini, sikila, har gubar dalma irin wadda ta ɓarke a Zamfara a 2010, duk suna dagula hankalin yaro.

Baban Ummi: Ni tsorona a ɗora yaro kan ƙwaya. Muna ganin abin da ƙwaya ke yi wa samarinmu.

Dokta: Tsoronka a kan hanya yake, Alhaji, shi ya sa Ritalin, maganin da ake ba masu ADHD, ba maganin da za a saya a kemis ba ne haka kawai, sai da takardar likita da sa ido. Kuma ba kowane yaro ake ba shi ba. Ga 'yan ƙasa da shekara 6 ma, koyar da iyaye yadda za su bi da yaron ake sa a gaba.

Baban Ummi: Na ji. Amma dorinata tana nan a rataye.

Malama Asabe: Ta ci gaba da ratayuwa, Alhaji. Maman Khalifa, ki roƙi malaminsa ya dawo da shi bencin gaba, nesa da taga, ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya. Sannan ya rubuta miki abin da yake gani na sati biyu, ki tafi da shi asibiti.

Maman Khalifa: Na gode. Minsharin dai akwai shi, har yayyensa suna ƙorafi.

Dokta: To ki fara gaya wa likita wannan.