Kwas ta intanet kan kafofin sada zumunta ga ma'aikatan laburare

Ma'aikaciyar laburare, Jos: Assalamu alaikum. An ba ni gurbi a wani kwas da ake yi ta intanet kan yadda laburare zai yi amfani da kafofin sada zumunta wajen hidimar masu karatu. Shin akwai abin da mutum zai ƙaru da shi, alhali kullum muna riƙe da Facebook da WhatsApp a wayoyinmu?

Malami, Abuja: Wa alaikumus salam, Hajiya. Amfani da kafa don hira daban ne, tafiyar da ita da sunan hukuma daban ne. A kwas ɗin da na yi, an sa kowa ya buɗe shafin wiki, wato shafin intanet da mutane da yawa za su iya rubutawa da gyarawa, inda ma'aikata za su riƙa tara amsoshin tambayoyin da ɗalibai suke maimaitawa, kuma har yau namu yana rage mana layi a gaban kantar laburare. Sai dai ki kula da zaurukan WhatsApp, domin lambobin wayar mambobi suna bayyana ga juna, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a.

Wata abokiyar aiki, Bukuru: Yaya, matsalata ita ce wuta da data. Darasin Zoom na kai tsaye sau biyu yana katse mini, don haka ki tabbatar ana ajiye bidiyon darussan domin a sauke su da daddare.

Ma'aikaciyar laburare, Jos: Na gode, Malam. Zan tambayi masu shirya kwas ɗin batun bidiyon gobe kafin in biya.